Tarihin Ƙasarmu Bisa Duwatsu

  Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Muna gaida mutanen Ƙonni, da na Malbaza, da na Illela, domin daga wajenku za mu tashi, kuma wajenku za mu komo.

Bari mu fara da tambaya. In mutum yana so ya san abin da ya faru shekara 50 da suka wuce, sai ya tambayi tsoho. In shekara 200 ce, sai ya nemi littattafan malamai, ko ya saurari makaɗan fada. To, in shekara 6,000 ce fa? Babu tsohon da ya gani. Babu littafin da ya faɗa. Amma akwai shaidu uku da suka rage: dutse, da ƙashi, da tsingaro. Su ne za su ba mu labari yau.

Mu fara daga gida

Kowa a jahar Tawa ya san ma'aikatar siminti ta Malbaza. Ta fara aiki a shekarar 1966. Me ya sa aka gina ta nan, ba a gina ta wani wuri ba? Saboda farin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar. Da shi ake yin siminti.

Wanda ya taɓa duban wannan dutse da kyau ya ga abin mamaki. Cikinsa akwai ɓawon katantanwa, da ƙumba, da sauran halittun ruwa, duk sun zama dutse. Halittun teku ne. Masana sun auna, sun ce wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ce kwance inda Malbaza take yau. Halittun suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasan ruwa, wani bisa wani, har ya daskare. Irin wannan dutse ne kuma ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, domin teku ɗaya ce ta rufe ko'ina.

Wannan labari ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Mun kawo shi ne don ku riƙe abu guda: ƙasa tana sakewa. Inda ruwa yake yana iya bushewa. Inda yake busasshe yau, wataƙila dā ruwa ne.

Lokacin da hamada take kore

Yanzu mu matso kusa, zuwa zamanin mutane. Tsakanin shekara 11,000 da shekara 5,000 da suka wuce, hamadar Sahara ba hamada ba ce. Ana ruwan sama har can arewa da Agadas. Akwai ciyawa, da itatuwa, da tafkuna. Akwai giwa, da karkanda, da dorina, da kada, da jimina, da raƙumin dawa.

Tafkin Cadi a lokacin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Nijar duka. Kwarin Azawak, da ke arewa da Tawa, gulbi ne mai gudu. Yana ɗauko ruwa daga duwatsun arewa, ya bi ta Dallol Boso, ya zuba cikin kogin Kwara.

Me ya kawo haka? Kun san yadda yara suke kaɗa katantanwa. Tana juyawa, amma kanta yana ɗan lilo, ya karkata nan, ya karkata can. Haka duniya take yi a hankali, zagaye ɗaya yana cin shekara 20,000 da ɗoriya. A wani lokaci na wannan lilo, zafin bazara yana ƙaruwa a arewacin Afirka. Zafin sai ya jawo iskar damina daga teku ta shiga can cikin ƙasa. Da lilon ya juya, sai damina ta riƙa ja da baya, tana komowa kudu. Tafkuna suka ƙafe. Ciyawa ta mutu. Rairayi ya rufe wurin.

Mutanen da suka zauna can sun tafi. Amma kafin su tafi, sun bar mana zane bisa duwatsu.

Raƙuman dawa na Dabus

In ka tashi daga Ƙonni, ka ratse a Tsarnawa, ka bi ta Badagishiri zuwa Tawa, ka wuce Abalak, za ka isa Agadas. Daga Agadas, in ka kama hanyar Arlit, ka yi kamar kilomita 110, akwai wani wuri kusa da hanya da ake kira Dabus. Duwatsu ne tsibi guda a bakin wani busasshen kwari.

Bisa ɗaya daga cikin duwatsun an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban tsawonsa mita 5 da santimita 40. Wato in mutum uku suka kwanta a jere, kan wannan a ƙafar wancan, da kaɗan za su gaza shi. Yana cikin manyan zanen dabba bisa dutse da aka sani a duniya. An fitar da komi nasa: ido, da kunne, da kofato, da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin kowane raƙumin dawa an ja layi, ya sauko har wurin wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu masana sun ce igiya ce. Wasu sun ce alama ce ta abin da mutanen suka yi imani da shi.

Masana sun ƙiyasta wannan aiki ya kai shekara 6,000, ko ma fiye. Ku tuna, a lokacin babu ƙarfe. Babu guduma, babu kurfi. Da dutse mai tauri suka riƙa saran dutse mai taushi, kaɗan kaɗan, sa'an nan su goge wurin har ya yi santsi. Aiki ne na haƙuri. Wanda ya yi shi ya san raƙumin dawa kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa.

Abzinawan wurin sun daɗe da sanin waɗannan duwatsu. Wani masani Bafaranshe, Kiristiyan Dupuy, shi ya rubuta labarinsu a shekarar 1987. Da aka ƙidaya, sai aka tarar da zane fiye da 800 a kewayen wurin: shanu, da jiminu, da barewa, da zaki, da karkanda, da raƙuma, da mutane. A shekarar 1999 aka ɗauki siffar manyan raƙuman dawan, aka zuba ta da sanholo. An kafa ɗaya a filin jirgin sama na Agadas. An kuma gina rijiya kusa da Dabus, aka sa mutanen wurin su zama masu tsaro, su riƙa yi wa baƙi jagora.

Uwa da ƴaƴanta biyu

Dutse ya nuna mana dabbobi. Ƙashi kuwa ya nuna mana mutanen kansu.

A shekarar 2000, wasu masu bincike ƙarƙashin wani Ba'amurke, Pol Sereno, suna neman ƙasusuwan dabbobin dā cikin Tenere, gabas da Agadas. Sai suka faɗa wa wata tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero. Akwai kabari wajen 200. Wurin yau rairayi ne zalla. Amma cikin rairayin an sami ƙashin giwan ruwa, da na kada, da na dorina, da masun kamun kifi da aka yi da ƙashi. Ashe bakin tafki ne.

Al'umma biyu suka zauna Gobero, ɗaya bayan ɗaya. Na farko masunta ne da maharba, dogaye ƙarfafa, sun zauna tun fiye da shekara 9,000 da suka wuce. Fari ya zo, tafkin ya ƙafe, suka tashi. Bayan kamar shekara 1,000 ruwa ya komo, wasu mutane dabam suka zo suka zauna, har tafkin ya sake ƙafewa wajen shekara 4,500 da suka wuce.

Cikin kaburburan akwai ɗaya da ya taɓa zuciyar duk wanda ya gani. Mace ce da yara biyu, ɗaya mai shekara kamar 5, ɗaya kamar 8. An kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. An yi musu wannan sutura fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Ku duba fa. Waɗannan ba aljannu ba ne. Mutane ne kamar mu. Suna da iyali, suna son ƴaƴansu, suna girmama mamatansu.

Saniya, doki, raƙumi

Zanen da ke cikin kwazazzaban Azbin ba rana ɗaya aka yi shi ba. In an bi shi daki-daki, yana ba da labarin yadda ƙasar ta riƙa bushewa.

Akwai zanen manyan namun daji, irin giwa da karkanda. Waɗannan ba su rayuwa sai inda ruwa da ciyawa suke da yawa.

Akwai zanen shanu, garke garke, masu dogayen ƙahoni. Wannan zamanin makiyaya ne. Shanun da aka zana ba su da tozo. Shanu masu tozo, irin namu na Azawak, daga baya suka shigo ƙasashen nan.

Sa'an nan sai doki ya bayyana. Tare da doki akwai wani abu da zai ba ku mamaki: keken doki mai ƙafa biyu. A Iwelen, a arewacin Azbin, an zana irin wannan keke, da mutane masu manyan kawuna riƙe da mashi. Cikin shekarun 1980 masana suka haƙa kufan garin da ke gindin duwatsun. Suka sami tukwane, da kan mashi na jan ƙarfe irin wanda ke cikin zanen. Suka auna, suka ga garin ya yi wajen shekara 2,500. Ashe tun kafin zuwan mota da amalanke da dokin ƙarfe, an san abin hawa mai ƙafa a wannan ƙasa.

Daga ƙarshe sai raƙumi, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Zuwan raƙumi alama ce ƙasa ta bushe, saniya da doki ba su iya ratsa ta. Tare da raƙumi kuma ake ganin rubutu: ɗigo, da layi, da da'ira. Wannan shi ne tushen Tifinag, rubutun Abzinawa, wanda har yau ana amfani da shi. Ku da kuka koyi baƙaƙe kwanan nan, ku sani rubutu ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar.

Wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdul Karim, ya ratso hamada daga Tarabulus a shekarar 1850, ya iso Agadas cikin watan Oktoba. Bisa hanya, a ƙasar Fezzan, ya ga zanen shanu bisa duwatsu a wurin da saniya ba ta iya rayuwa. Ya lura babu raƙumi cikin zanen. Tun lokacin ya gane cewa ƙasar dā ba haka take ba.

Yaya ake gane shekarun?

Wani zai ce: su masanan nan suna wurin aka yi? Ba su nan. Amma suna da hanyoyi.

Ta farko, launi. In ka sari dutse yau, wurin saran fari ne. Rana da iska suna duhunta shi a hankali. Zanen da ya yi baƙi kamar sauran dutsen ya girmi wanda yake da haske.

Ta biyu, in an zana raƙumi bisa saniya, kowa ya san saniyar ce ta riga.

Ta uku, awo. Duk abin da ya taɓa rai, ko itace, ko ƙashi, yana da wani sinadari a jikinsa da ke raguwa a hankali bayan mutuwa. Akwai na'urar da ke auna abin da ya rage. Da haka ake gane shekarun gawayi ko ƙashin da aka samu a murhun mutanen dā. Saboda haka ne ba a so a ɗauke abu daga inda yake. Tukunyar da aka raba da murhunta ta zama bebiya, ba ta iya faɗin shekarunta.

A ƙasar Hausa ma akwai

Kada ku ce wannan abin Azbin ne kawai. A Birnin Kudu, cikin jahar Jigawa ta Nijeriya, akwai duwatsu masu zane: Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. Can ba sassaƙa aka yi ba, shafawa aka yi da launi a ƙarƙashin inuwar dutse. Yawancin zanen shanu ne, su ma marasa tozo, wasu da dogon ƙaho, wasu da gajere. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, in ka buga su da dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Wani Bature, Banad Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya bincike su a shekarar 1955.

Ko a gonakinmu akwai shaida. Wani lokaci manomi yana huɗa, sai ya tono wani ɗan dutse mai santsi, mai baki kamar gatari. Mukan ce masa gatarin aradu. Ba aradu ta jefo shi ba. Gatari ne na gaske. Mutum ya wasa shi da hannunsa, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi tun ba a san ƙira ba.

Me ya haɗa mu da arewa?

Da hamada ta bushe, mutane da dabbobi suka riƙa gangarowa inda ruwa yake: bakin Kwara, da tafkin Cadi, da fadamu da gulabe irin namu. Wannan gangarowa ba ta tsaya ba, ta ci gaba ƙarni bayan ƙarni.

Gobirawa suna faɗi cikin tarihinsu cewa sun zauna Azbin kafin su sauko kudu. Mutanen Adar kuwa sun san labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar Adar wajen shekarar 1674. Zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda mazauninta yake Illela. Masanin tarihinmu Jibo Hamani ya yi bincike mai zurfi bisa wannan. Gaskiya ne, waɗannan abubuwa sun faru ne dubban shekaru bayan an zana raƙuman dawan Dabus. Amma suna nuna mana hanya ɗaya ce mutane suke bi tun dā, daga duwatsun arewa zuwa fadamun kudu. Mutumin Illela da mutumin Agadas ba baƙin juna ba ne.

Raƙumin dawa shi ma ya gangaro. Garke na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma yana ƙasarmu, wajen Kure, kusa da Yamai. A shekarar 1996 saura kamar 50 kawai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka tsaya bisa tsaronsu, suka haura 600 kafin shekarar 2018. A wannan shekara aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, cikin jahar Maraɗi. Abin da aka tsare yana komowa. Amma ku lura da bambanci guda: raƙumin dawa yana haihuwa, zanen dutse ba ya haihuwa. In ya ɓaci, ya ɓaci ke nan.

Abin da ke ɓata wannan gado

Iska da rana suna cin dutse, amma a hankali suke ci. Hannun mutum ya fi su sauri. Wani yana taka zane da takalmi. Wani yana rubuta sunansa a kai. Wani yana zuba ruwa ko mai don zanen ya fito a hoto. Wani yana gwada bindiga a kai. Wani kuma yana fasa dutsen ya sayar wa baƙo.

Ga misali mai zafi. A Bura, wajen Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 1975. Masaninmu Bube Gado, na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, ya haƙa wurin a shekarar 1983. Ya sami ɗaruruwan tuluna na yumɓu, wasu da siffar kan mutum, wasu da mahayi bisa doki. Da labari ya kai Turai, sai ƴan kasuwa suka shigo da kuɗi. Cikin shekarun 1990 aka riƙa tone wurare dare da rana. Mai tono ya karɓi ɗan abin da zai ci kwana kaɗan. Kayan suka tafi, suna can cikin gidajen masu kuɗi a ƙetare. Kuɗin ya ƙare, tarihin kuma ba ya komowa.

Hukuma ta ɗauki matakai. A shekarar 1988 aka keɓe yankin Azbin da Tenere don tsaro, a 1991 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A ranar 30 ga Yuni 1997 aka yi dokar kare kayan gadon ƙasa. Dokar ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da kayan tarihi waje. Amma ƙasarmu faɗi gare ta. Ba a iya sa ɗan sanda gindin kowane dutse. Mai tsaro na gaske shi ne mutumin da ke zaune kusa.

Wani zai ce, ai waɗannan gumaka ne, ina ruwanmu da su? Ba wanda ya ce a bauta musu. Shaida ce, kamar ganuwar tsohon birni, kamar kushewar kakanni. Ana duba su ne don a san abin da ya wuce, a yi tunani.

Akwai kuma maganar abinci. Lokacin da ake zaman lafiya, baƙi suna zuwa Agadas don ganin waɗannan duwatsu. Direba ya samu, jagora ya samu, maƙerin azurfa ya samu, mai ɗinkin fata ta samu. Bayan tawayen 2007 da sace baƙi a Arlit a 2010, baƙin suka ragu ƙwarai. Ranar da za su komo, sai in duwatsun suna nan za su zo.

Ku ɗauki keke, ku ɗauki yara

A ƙasar Amurka, cikin jahar Yuta, akwai kwazazzabai masu zanen mutanen dā. Ranar hutu za ka ga miji da mata da ƴaƴansu bisa kekuna masu kaurin taya, suna bin kwazazzabo, suna tsayawa suna duban zane. Ba arziki ya sa su haka ba kawai. Sun gane yaro ba ya tsare abin da bai taɓa gani ba.

Mu ma muna da keke, muna da kwari. Ba sai kun je Dabus ba. Ga Majiya nan, tana fitowa daga duwatsun Adar wajen Buza, ta bi ta ƙasar Dogarawa da Tsarnawa, ta wuce Ƙonni, ta zuba a Kalmalo cikin Nijeriya. Ga kwarin Badagishiri. Ga tuddai da kufai kewaye da kowane gari. In an gama girbi, sanyi ya sauko, maigida ya zaɓi rana guda. Ya goya ƙaramin, babban ya hau nasa. Uwargida ma a tafi da ita, haka ƴan mata, domin tarihi ba na maza kaɗai ba ne.

Ga abin da za ku kiyaye:

1. Ku tashi da sassafe. Ku ɗauki ruwa isasshe, da famfo, da faci.
2. Kada ku shiga kwari da damina. Ruwa yana iya zuwa daga nesa ko ba a yi shi nan ba.
3. Ku faɗa wa na gida inda za ku. In akwai labarin rashin tsaro a wurin, ku fasa.
4. Ku gaida maigarin wurin, ku nemi izini. Ku tambayi tsofaffi sunan dutsen da labarinsa.
5. Kada yaro ya sa hannu ƙarƙashin dutse, saboda maciji da kunama.
6. In kun ga tsingaro, ko gatarin aradu, ko kashin maƙera, ko zane, ku duba da ido. Kada ku tona, kada ku ɗauka, kada ku rubuta komi a kai.
7. In abin babba ne, ku shaida wa maigari, shi kuma ya kai magana wurin magajin gari, har ta isa ga masana.

Abu na ƙarshe, shi ne babba. Ku tafi da littafi da alƙalami. Dā in kun ga abu, sai dai ku riƙe a kai, ran da kuka manta ya tafi. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta kamar haka:

Ranar Lahadi. Wuri: gindin dutse, yamma da garinmu, tafiyar awa ɗaya bisa keke. Abin da muka gani: tsingaro mai zane, da kashin maƙera. Abin da tsoho ya ce: nan garinmu yake dā, fari ya tashe shi.

Layi huɗu ke nan, amma tarihi ne. Tsohon da ya faɗa muku, wata rana ba ya nan. Takardar kuwa jikanku zai karanta ta. Mutumin Dabus ba shi da baƙi ko ɗaya, amma ya bar saƙon da ya kai shekara 6,000. Ku kuna da baƙaƙe duka.

Tambayoyi don tattaunawa a wurin karatu

1. Me ya nuna cewa dā teku ce a Malbaza?
2. Waɗanne dabbobi ne aka zana a Azbin, kuma wace ce ta zo daga ƙarshe?
3. Me ya sa ba a so a ɗauke tukunya daga inda aka same ta?
4. Akwai kufai, ko dutse mai labari, kusa da garinku? Wa ya san labarinsa? Wa zai rubuta shi cikinku?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku, ku ba malaminku ya aiko mana. Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.